Tiyatar barikosil da haihuwar namiji: tambayoyi da amsoshi

Namijin da aka ce masa yana da barikosil yakan fito daga ɗakin likita da kalma ɗaya tak a kunnensa, wato tiyata. Sauran bayanin duk ya bi iska. Sai ya koma gida ya natsu, ko iyalinsa ta fara jero masa tambayoyi, sannan ya ga ashe bai fahimci komai ba. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi tasowa a irin wannan lokaci.

Wai mene ne barikosil ɗin kansa?

Kumburin jijiyoyin jini ne a cikin jakar maraina. Kowane ɗan maraina yana rataye ne da wata igiya da ta sauko daga mara. A cikin igiyar akwai bututun da ke ɗaukar ƙwayoyin maniyyi, da jijiyar da ke kawo jini, da wasu siraran magudanan ruwan jiki, sai kuma tarin jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Waɗannan na ƙarshen su ne masu ba da matsala. Jini suke turawa sama alhali nauyinsa yana jan sa ƙasa, shi ya sa suke da 'yan ƙofofi a ciki masu buɗewa ta gefe ɗaya kawai. Idan ƙofofin suka saki, ko kuma tun asali ba su cika ba, sai jini ya riƙa komowa yana taruwa, jijiyoyin su buɗe su nannaɗe. Irin abin nan ne da ake gani a ƙafafun wasu mutane, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, sai dai wannan a maraina yake.

Wanda nasa ya girma, in ya taɓa saman ɗan marainan yana tsaye, zai ji wani abu mai laushi a cukurkuɗe. Likitoci sukan kwatanta shi da tana da aka tara a jaka. Da ya kwanta rigingine sai kumburin ya sace.

Kusan maza 15 cikin 100 suna da shi, kuma yawanci da balaga yake farawa. Da dama ma ba su san suna ɗauke da shi ba.

Ba gwaiwa ba ce? Ko ƙaba?

Ko ɗaya. Gwaiwa ruwa ne ke taruwa ya kewaye ɗan maraina. Ƙaba kuma hanji ne ko kitsen ciki ke leƙowa ta wata kafa a matsematsi. Barikosil jini ne a cikin jijiya. Haka kuma ba ciwon sanyi ba ne, ba a ɗaukar sa wurin kowa, ba a shafa wa mace, kuma ba yawan kwanciya da iyali ke kawo shi ba.

Me ya sa kowa nasa a hagu yake?

Tsarin halitta ne. Jijiyar da ke kwashe jini daga ɗan maraina na dama tana zubawa kai tsaye cikin babbar jijiyar ciki, kuma a karkace take shiga, jinin yana wucewa salin-alin. Ta hagu kuwa ta fi tsawo da 'yan santimitoci, sai ta hau har wajen ƙodar hagu, sannan ta haɗu da jijiyar ƙodar a tsaye cak. Ga tsawon hanya, ga matsin jini a mahaɗa. Don haka kusan 9 cikin 10 na masu barikosil a hagu nasu yake, wasu kuma ɓangarorin biyu.

Akwai abin lura a nan. Idan kumburin a dama yake shi kaɗai, ko ya fito kwatsam ga mutumin da ya manyanta, ko kuma ba ya sacewa in an kwanta, likita zai so ya ɗauki hoton ciki da ƙoda. Wani lokaci ƙari ne a can sama yake danne jijiyar. Ba a cika samun haka ba, amma ba abin yi wa sakaci ba ne.

To ta yaya kumburin jijiya zai hana mutum haihuwa?

Babban abin zargi shi ne zafi. Ba banza ba aka rataye maraina a wajen jiki. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, su kuwa ƙwayoyin maniyyi sun fi son wurin da bai kai haka ba da kamar digiri 2 ko fiye. Tarin jijiyoyin nan da suka kewaye jijiyar da ke kawo jini suna aiki ne kamar lagireton mota: jinin da ke fitowa daga maraina mai ɗan sanyi ne, yana zuƙe zafin jinin da ke shigowa kafin ya iso. Idan jinin ya tsaya ya taru, sanyayawar ta lalace, sai maraina su zauna cikin ɗumi dare da rana.

Bayan zafi akwai ƙarancin iskar oksijin a jinin da ya kwanta, da taruwar wasu sinadarai masu lahanta fatar ƙwayar maniyyi da kuma kayan gadon da ke cikin kanta. Sakamakon yakan fito a takardar gwaji ta fuska uku: ƙwayoyin sun yi kaɗan, ba sa iyo da kyau, siffarsu ta ɓaci. A wasu mazan ɗan marainan da abin ya shafa har ƙanƙancewa yake yi ya yi laushi. Wannan ma ba sabon gani ba ne, domin Celsus, marubucin Rumawa na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa ɗan marainan da jijiyoyinsa suka kumbura yakan kasa ɗan'uwansa girma.

Ke nan tunda ina da shi ba zan haihu ba?

A'a. Yawancin masu barikosil suna haihuwa lafiya ƙalau ba tare da sun taɓa ganin likita a kansa ba. Abin da alƙaluma suka nuna shi ne ya fi yawa a tsakanin masu neman haihuwa: wajen 35 zuwa 40 cikin 100 na mazan da ba su taɓa haihuwa ba suna da shi. A cikin waɗanda suka taɓa haihuwa sannan abin ya tsaya kuwa, wasu bincike sun samu 70 zuwa 80 cikin 100. Wannan ne ya sa likitoci da yawa suke ganin illarsa a hankali take ci, shekara bayan shekara. Mutum na iya samun ɗa yana da shekara 26, ya kai 36 gwaji ya nuna ƙwayoyin sun ja baya. Saboda haka "ai ni na taɓa haihuwa" ba hujjar ƙin gwaji ba ce.

Yaya ake tabbatar da shi?

Da hannu, kana tsaye, a ɗaki mai ɗumi. Ɗumin yana da muhimmanci, domin sanyi yana sa jakar ta tattare ta ɓoye komai. Likita zai riƙe igiyar da ke saman ɗan maraina tsakanin yatsunsa, ya ce ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri kamar mai nishin bayan gida. In akwai barikosil zai ji jijiyoyin sun cika a hannunsa. Zai kuma auna girman 'ya'yan marainan biyu ya kwatanta.

Tun 1970 likitoci biyu, Dubin da Amelar, suka kasa shi mataki uku, kuma har yau da shi ake aiki. Mataki na 1 ba a jin sa sai an yi yunƙurin nan. Na 2 ana jin sa da hannu ba sai an yi yunƙuri ba. Na 3 kuwa ido ma yana ganin sa ta cikin fata. Sikanin yana taimakawa idan hannu bai ba da tabbaci ba, misali ga mai ƙiba ko wanda aka taɓa yi wa aiki a wurin.

Sikanin ya nuna ina da shi amma likita bai ji komai da hannu ba. A yi aikin?

A bar kaza cikin gashinta. Barikosil ɗin da na'ura kaɗai ke gani, bincike bai nuna cewa gyara shi yana ƙara samun ciki ba, kuma ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin mafitsara na Amurka da na Turai duk sun ce kada a yi masa tiyata. Na'urar sikanin tana da kaifin ido, in aka nemi jijiya mai ɗan faɗi za a samu a jikin maza da yawa. A ganina a nan ne aka fi yi wa mutane aikin da ba su buƙata, kuma su ne daga baya suke cewa tiyatar ba ta da amfani. Duk wanda ya ce zai yanka ka bisa takardar sikanin kawai, ba tare da ya duba ka kana tsaye ba, ka nemi ra'ayin likita na biyu.

Wa ya dace a yi wa tiyatar?

Wanda abubuwa huɗu suka haɗu a kansa. Barikosil ɗinsa ana jin sa da hannu. Shi da iyalinsa sun shekara suna nema ba a dace ba. Gwajin maniyyi ya nuna tawaya. Sannan an duba matar an ga lafiyarta ƙalau, ko kuma matsalarta mai gyaruwa ce. Na huɗun nan shi aka fi tsallakewa. Idan bututun mahaifa duka biyu a toshe suke, ko da an mayar da maniyyin miji ya fi na kowa kyau, ciki ba zai shiga ta hanyar da aka saba ba.

Mai barikosil wanda maniyyinsa lafiya lau, tiyata ba za ta ƙara masa komai ba ta fuskar haihuwa.

Ban gane lambobin da ke takardar gwajin maniyyina ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon ma'auni a 2021. Ƙananan iyakokin da ta bayar su ne: yawan ruwan ya kai mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 a jimlace, masu motsi 42 cikin 100, masu iyo suna yin gaba 30 cikin 100, masu cikakkiyar siffa 4 cikin 100. Wannan huɗun yakan tayar wa mutane da hankali, amma haka abin yake, ko a wurin mai 'ya'ya goma yawancin ƙwayoyin ba su da siffar kirki.

Lambobin ba katanga ba ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa. Akwai masu ƙasa da su da suke haihuwa, akwai masu sama da su da suke nema. Kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi mai zafi da aka yi wata biyu da suka wuce yana iya rage ƙwayoyin sosai, daga baya su dawo. Ana so a yi gwaji aƙalla sau biyu da tazarar makonni, kowanne bayan an ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a zuba dukkan ruwan a kwalbar da aka bayar, a miƙa shi cikin awa ɗaya. In ɗigon farko ya zube a ƙasa a faɗa wa mai gwajin, kunya ba ta da wuri a nan, domin a farkon ne ƙwayoyin suka fi yawa.

Tsakani da Allah, tiyatar tana sa a haihu?

Tana ƙara dama. Ba ta ba da tabbaci. Kuma tarihin wannan tambaya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi zai nuna maka dalilin da ya sa likitoci biyu za su iya ba ka amsa daban-daban.

A 1952 wani likitan tiyata a Edinbara, Selby Tulloch, ya ba da rahoton wani mutum da babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa. Bayan an ɗaure masa jijiyoyin sai ƙwayoyi suka bayyana, matarsa ta yi ciki. Daga nan aikin ya bazu, har ya zama tiyatar da aka fi yi wa maza saboda rashin haihuwa. Shekaru da dama ana yi bisa abin da likitoci suke gani da idonsu. Sai a 2003 wasu masu bincike biyu, Evers da Collins, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka wallafa a mujallar Lancet cewa ba su ga hujjar tiyatar tana ƙara samun ciki ba. Likitocin mafitsara suka yi ca a kansu, kuma suna da gaskiyarsu: a cikin gwaje-gwajen da aka tattara akwai mazan da na'ura kaɗai ke ganin barikosil ɗinsu, akwai kuma waɗanda maniyyinsu ba shi da wata matsala tun farko. Waɗannan dama ba su da abin da za a gyara musu.

Da aka koma aka zaɓi mutanen da suka dace, sai amsar ta sauya. A 2011 an wallafa wani gwaji da Abdel-Meguid da abokan aikinsa suka yi a Jidda ta Saudiyya, kan maza 145 'yan shekara 20 zuwa 39, dukkansu ana jin barikosil ɗinsu da hannu kuma maniyyinsu yana da tawaya. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu aiki, rabi aka zuba musu ido. Cikin shekara guda, matan kusan 33 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki suka yi ciki. A ɗaya ɓangaren kusan 14 cikin 100 ne. Nazarin 2012 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen likitanci, shi ma ya ƙiyasta cewa a irin waɗannan maza, duk mutum 7 da aka yi wa aikin ana samun ƙarin ciki ɗaya da ba za a samu ba in ba a yi ba, ko da yake ya yi gargaɗi kan ingancin wasu gwaje-gwajen.

Ka dubi lambobin Jidda ta fuska biyu. Aikin ya ninka damar fiye da sau biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kuma biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa ba su samu ciki a shekarar ba, sannan 14 ɗin can sun samu ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. Shi kansa maniyyin yana gyaruwa a wajen maza 60 zuwa 70 cikin 100. Gyaruwar takarda daban, ciki daban.

Na ji tiyatar iri-iri ce. Wacce ta fi?

Manufar yawancinsu ɗaya ce: a ɗaure jijiyoyin da suka lalace don jini ya daina komowa, a bar jijiyar da ke kawo jini, da bututun maniyyi, da magudanan ruwa. Bambancin yana wurin da ake shiga da kuma yadda likita yake iya ganin abin da yake yankawa.

Tsofaffin hanyoyi su ne ta Ivanissevich, ɗan ƙasar Ajantina, wadda ake shiga ta matsematsi, da ta Palomo ta 1949, wadda ake ɗaure jijiyar can sama a bayan ciki. Akwai kuma wadda ake huda ciki a zura kyamara. Wadda ta fi karɓuwa yanzu ita ce ta madubin tiyata mai ƙara girma, wadda Marmar ya bayyana a 1985, Goldstein kuma ya faɗaɗa ta a 1992.

A wannan hanya ana tsaga fata kamar santimita 2 zuwa 3 a ƙasan matsematsi, a ɗago igiyar marainan a ɗora ta kan wata 'yar roba, a jawo madubi a kanta. Abin da ido yake gani kamar dunƙulen zare, a ƙarƙashin madubi sai ya rarrabu. Ga jijiyoyi masu duhu sun cika da jini. Ga magudanan ruwa garai-garai kamar zaren gilashi. Ga kuma jijiyar da ke ciyar da ɗan maraina, faɗinta bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, tana bugawa a hankali a tsakiyar 'yan'uwanta, wani lokaci ma manne da su. Likita yakan ɗora mata wata 'yar na'urar sauraro ya ji bugunta kafin ya ware ta gefe. Daga nan sai ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa yana yankewa. Aikin haƙuri ne.

Amfanin wannan gani ya fito a alƙaluma. Wani nazari na 2009 da Cayan ya jagoranta ya samu cewa a hanyar madubi barikosil yana dawowa ga kamar mutum 1 cikin 100, alhali a hanyar Palomo kusan 15 ne. Gwaiwa bayan aiki ba ta kai 1 cikin 100 ba a hanyar madubi, a tsofaffin hanyoyin kuwa 7 zuwa 8. Duk da haka hannun da ya saba ya fi sunan hanya. Ka tambayi likitan wace hanya zai bi, da madubi zai yi ko babu, kuma sau nawa yake yin irin aikin. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

In an ɗaure jijiyoyin, ta ina jinin zai fita?

Akwai wasu ƙananan hanyoyi, musamman jijiyoyin da ke bin bututun maniyyi, waɗanda ba a taɓa su. Su suke karɓar aikin.

Babu yadda za a yi ba tare da yanka ba?

Akwai toshewa daga ciki. Likitan hoto yana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuya, ya bi da shi yana kallon allo har ya isa jijiyar marainan, sannan ya cusa wasu 'yan wayoyi masu murɗe ko wani ruwa mai liƙe jijiyar. Ba a sa mutum barci, kuma ana komawa aiki da wuri. Sai dai wani lokaci bututun yakan kasa shiga jijiyar, musamman ta dama, ana kuma shan hasken na'urar hoto, sannan dawowar barikosil ta fi ta hanyar madubi yawa. Yana da amfani sosai ga wanda aka taɓa yi wa tiyata abin ya dawo.

Yaya jinyar take?

Da sauƙi. Yawanci ranar ake komawa gida. Za a ji tsami da ɗan kumburi na 'yan kwanaki, ana sa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a sa ɗan kamfai mai riƙe maraina. Mai aikin zama yakan koma cikin kwana kaɗan, mai ɗaukar kaya masu nauyi ya jira kamar mako biyu ko yadda likitansa ya ce. Kwanciya da iyali ma yawanci bayan mako ɗaya zuwa biyu. Kada hankalinka ya tashi in ka taɓa ka ji jijiyoyin suna nan, sukan ɗauki makonni kafin su motse. Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinkin, ko kumburin da ke ƙaruwa, su ne abin komawa asibiti.

Yaushe zan ga canji?

Ba kafin wata uku ba. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala ginuwa, sannan ta ƙara wasu kwanaki a hanya. Abin da ya fito mako biyu bayan aiki tsohon kaya ne da aka ƙera cikin zafi. Masu gaggawar yin gwaji a wata na farko kansu kawai suke ɗaga wa hankali. Ana gwadawa a wata na 3, a sake a na 6. Yawancin gyaruwar da za a samu a wannan tsakanin take bayyana.

Wane haɗari ke ciki?

Gwaiwa, idan an ɗaure magudanan ruwa tare da jijiyoyin. Dawowar barikosil, idan wata jijiya ta kuɓuce. Taruwar jini ko ƙwayoyin cuta a wurin yankan. Wanda aka fi tsoro shi ne a raunata jijiyar da ke kawo jini har ɗan marainan ya shanye, amma wannan da wuya yake faruwa, domin akwai wasu jijiyoyin da ke taimaka masa.

Maigidana tsoronsa kada aikin ya taɓa masa ƙarfin mazakuta.

Ki kwantar masa da hankali. Jijiyoyin da ke sa gaba ta miƙe daban suke, aikin ba ya zuwa kusa da su. Hasali ma a mazan da sinadarin testosteron ɗinsu, wato sinadarin mazantaka, ya yi ƙasa, bincike ya nuna yakan ɗan tashi bayan gyaran barikosil. Sai dai ba a yin tiyatar a matsayin maganin raunin mazakuta.

An ce babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyina. Aikin zai taimaka?

Nan sai an bi a hankali. Da farko a gano dalili: hanya ce ta toshe, ko marainan ne ba sa ƙerawa? Ana auna sinadarin FSH, wanda ke umartar maraina su ƙera ƙwayoyi, da kuma testosteron, a kuma yi gwajin kayan gado, domin akwai masu ƙarin kuromosom (ƙunshin kayan gado) na X, abin da ake kira ciwon Klinefelter, akwai kuma waɗanda wani yanki na kuromosom ɗin Y ya ɓace musu. In dalilin daga gado ne, barikosil ɗin ɗan rakiya ne kawai.

Idan babu irin wannan, rahotanni sun nuna ƙwayoyi sukan bayyana ga kamar mutum ɗaya cikin uku ko ɗan fiye bayan aiki. Yawanci kaɗan ne, kuma suna iya sake ɓacewa, shi ya sa ake ba da shawarar a daskarar da su a ajiye da zarar an gan su. Mafi yawan irin waɗannan ma'aurata za su buƙaci dashen IVF duk da haka, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2020 ta ce a sanar da su cewa hujjar aikin a wannan yanayi ba ta kai ga yanke shakka ba.

Mu yi tiyata ko mu wuce dashen IVF kai tsaye?

Amsar tana wurin matar fiye da mijin. Tiyata tana cin lokaci: wata shida kafin a san inda aka kwana, wata shida ko fiye ana jiran ciki. Ga mace 'yar shekara 27 wannan jira ba komai ba ne. Ga 'yar shekara 38, ko wadda gwaji ya nuna ƙwanta ya yi ƙasa, shekara guda babbar asara ce, domin haihuwar mace tana raguwa da sauri bayan 35. A nan dashen ya fi dacewa, musamman tunda daga 1992 ana iya ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya a cusa ta cikin ƙwan mace.

Amma a tuna wa ke ɗaukar wahalar. A IVF mace ce ke shan allurai, ita ake zuƙo wa ƙwai, ko da matsalar daga mijin take, kuma sau da yawa kowane ciki sai an sake sabon zagaye. Tiyata sau ɗaya ake yi, in ta karɓi mutum tana iya yi masa amfani a haihuwa ta biyu da ta uku. Wani lokaci kuma ko ba ta kai ga ciki kai tsaye ba, takan ɗaga maniyyin ya kai matsayin da za a iya wanke shi a zuba a mahaifa, wanda ya fi dashen sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba wani magani da zan sha jijiyoyin su koma?

Babu. Jijiyar da ƙofofinta suka saki ba ƙwaya ko jiƙon da zai gyara ta. Ƙwayoyin bitamin da ake tallatawa don ƙara maniyyi hujjarsu ba ta da ƙarfi. Abin da ke hannunka shi ne barin taba, rage ƙiba, da nisantar zama cikin ruwan zafi.

Abu ɗaya kuma da babbar murya: kada ka yarda a yi maka allurar testosteron, ko ka sha magungunan gina tsoka, alhali kana neman haihuwa. Idan jiki ya ga sinadarin ya shigo daga waje sai ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina umarni, ƙera ƙwayoyi ya tsaya, har ya kai babu ko ɗaya. Bayan an daina yakan ɗauki watanni kafin su dawo.

Ni ba haihuwa ce damuwata ba, ciwo yake mini.

Ciwon barikosil nauyi ne da tsami mai ja ƙasa, yana ƙaruwa da tsayuwa ko aikin ƙarfi, ya lafa in an kwanta. Ana farawa da kamfai mai riƙewa da maganin ciwo. In bai yi ba, tiyata tana sauƙaƙa wa mafi yawa. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, musamman ga matashi, wani abu ne daban: ɗan maraina yana iya murɗewa jini ya yanke masa, kuma awanni 6 na farko su ne na ceto shi. Wannan ba a kwana da shi.

Ɗana ɗan shekara 15 aka ce yana da shi.

Yawancin matasa sa ido kawai ake yi, ana auna girman marainan duk shekara. Ana maganar aiki ne idan na ɓangaren ya ci gaba da kasa ɗan'uwansa da kamar kashi 20 cikin 100, ko ciwo ya hana shi sakat, ko kuma gwajin maniyyi ya nuna tawaya bayan ya gama balaga.

Wata shida sun wuce, takardar ba ta canza ba. Sai me?

A koma wurin likita ya sake duba ka kana tsaye, a yi sikanin a ga ko jini yana komowa har yanzu. In wata jijiya ce ta kuɓuce, ana iya sake aikin da madubi ko a toshe ta daga ciki. In kuwa barikosil ɗin ya tafi amma ƙwayoyin suna yadda suke, to dama ba shi kaɗai ne sanadi ba, kuma ƙarin jira da wuya ya sauya lissafin. A sake duba sinadaran jiki da magungunan da kake sha, a sake auna ƙwan matar tunda ita ma watanni shida sun ƙaru a kanta, sannan ku zauna ku biyun da likitan haihuwa a tsayar da ranar fara mataki na gaba.